Italiyanci ga ƴan uwanmu da ke ƙetare: yadda kalma ɗaya ke sauya wutsiya

Jama'a masu sauraronmu na karkara, da ku ƴan uwa da ke bin mu ta waya daga ƙetare, yau darasi muka kawo maku, kuma na Italiyanci ne. Wani zai ce me ya haɗa mutumin Tasawa ko Madawa da harshen Italiya. To, duk gidan da yaronsu ya bi hanyar Agadas ya ƙetare teku ya san amsa. Dokar Italiya ta ɗaure takardu da harshe. Tun ƙarshen shekarar 2010, mai neman takardar zama ta dogon lokaci sai ya ci jarrabawar Italiyanci ta matakin A2, kuma tun Disamba 2018 mai neman zama ɗan ƙasa sai ya kai matakin B1. Akwai makarantun manya na gwamnati da ake kira CPIA inda ake koyar da baƙi, amma wanda ya wuni yana tsinkar tumatir a gonakin Foggia, da wane ƙarfi zai zauna aji da dare? Shi ya sa muka ɗauki kalma ɗaya tak, mu juya ta ta kowane gefe.

Abu na farko shi ne a gane inda Hausa da Italiyanci suka raba hanya. A Hausa muna cewa na aika, mun aika, zan aika, za su aika. Kalmar "aika" tana nan zaune ba ta motsi, abin da ke gabanta ne ke sauyawa. A Italiyanci kuwa wutsiyar kalmar ce ke ɗauke da labarin: ita ke faɗa maka wa ya yi aikin, da lokacin da ya yi shi. Kunnen Bahaushe ya saba da sauraren farkon magana, to a can sai ya koyi jiran ƙarshenta.

Kalmarmu ita ce parlare, wato yin magana. Wanda ya yi lakwal, ya sha wuya a hannun mushe kan konjugezon ɗin parler na Faransanci, zai ga ai ƴan ɗaki ɗaya ne, domin harsunan biyu daga Latin suka fito. A cire -are, sai saiwa ta rage: parl-. A kanta ake ɗora komai.

Ga na lokacin da ake ciki. Parlo, ina magana. Parli, kana magana ko kina magana, domin su ba su raba namiji da mace a nan. Parla, yana ko tana magana. Parliamo, muna magana. Parlate, kuna magana. Parlano, suna magana, kuma a wannan ta ƙarshen ana danna murya ne a gaɓar farko, PARlano. Akwai kalmomin ni, kai, shi, mu, ku, su, wato io, tu, lui ko lei, noi, voi, loro, amma yawanci ba a faɗarsu, tunda wutsiya ta riga ta yi aikin. Idan ka ce "Parlo poco italiano", ka ce ina jin Italiyanci kaɗan, magana ta cika. Da waɗannan wutsiyoyi shida ka buɗe ƙofar kalmomi masu ɗimbin yawa: lavorare yin aiki, mandare aikawa, comprare saye, aspettare jira. Lavoro, ina aiki. Mandiamo, muna aikawa.

Sai batun ladabi, kuma a nan baƙi ke yawan yin tuntuɓe. Mu idan za mu girmama dattijo sai mu ce "ku". Su kuma a ofis ko gaban likita, Lei suke cewa, su haɗa da wutsiyar "shi ko ita". Saboda haka idan ma'aikaci ya dube ka ya ce "Lei parla italiano?", ba wata mace yake tambaya ba, kai ɗin nan yake nufi. A kudancin ƙasar dai har yanzu ana jin tsofaffi na girmama mutum da voi, kamar yadda muke yi.

Abin da ya wuce ya ƙare, shi ne mafi sauƙi. Ana mai da -are ta koma -ato, a sa ƙaramar kalma a gaba: ho parlato na yi magana, hai parlato ka yi, ha parlato ya yi, abbiamo parlato mun yi, avete parlato kun yi, hanno parlato sun yi. Harafin h ɗin nan ba a furta shi, "o parlato" ake cewa. Nan kam tsarin ya yi kama da na Hausa, gaba ke sauyawa, kalmar na zaune. Sai dai kalmomi irin su isowa da shiga da komawa suna ɗaukar wata kalmar daban, kuma suna bin jinsi: namiji ya ce sono arrivato, na iso, mace ta ce sono arrivata, jama'a su ce siamo arrivati.

Akwai wani lokacin na baya, na abin da aka saba yi ko aka daɗe ana yi: parlavo, parlavi, parlava, parlavamo, parlavate, parlavano. Da ka ji wannan v ɗin, to labarin da ne. "Lavoravo in Libia" na nufin a da ina aiki a Libiya. Duk wanda zai ba da tarihin tafiyarsa gaban hukuma yana buƙatar wannan, domin "ho lavorato" aiki ne da aka yi aka gama, "lavoravo" kuwa halin da mutum yake ciki ne a lokacin.

Yanzu mu zo inda kuɗi ke shiga. Lokaci mai zuwa: parlerò zan yi magana, parlerai, parlerà, parleremo, parlerete, parleranno. A lura a ɗin -are ta koma e. Ɗauki pagare, biya. Idan mai gona ya ce "ho pagato", ya ce na biya. Idan ya ce "pago", yana biya ne yanzu. Idan ya ce "pagherò", zan biya ya ce, kuma aljihunka babu komai tukuna. Abin dariya ma, a Italiyanci takardar alƙawarin biyan bashi sunanta kenan, pagherò. Ku kuma iyaye da ke gida, mando da manderò ba ɗaya ba ne: na farko ina aikawa, na biyu zan aika.

Wannan h da ta shigo cikin pagherò tana da dalili. Su ci da ce suna furta su kamar yadda muke furta "ci" da "ce" na Hausa, gi kuma kamar "ji". Don kada sautin ya lalace sai su cusa h: cercare, nema, ya ba da cerchi, ana furta shi "cerki", kana nema. Mangi kuwa, kana cin abinci, "manji" ake faɗa.

Daga lokaci mai zuwa sai maganar "da a ce": parlerei da na yi magana, parleresti, parlerebbe, parleremmo, parlereste, parlerebbero. Dubi parleremo da parleremmo. Na farko za mu yi magana, na biyu da mun yi magana, kuma m guda ce ta raba su. Baturen Ingila na shan wahala a nan, Bahaushe kuwa ba ruwansa, tunda tun yana goye yake raba baba da babba. Da wannan sigar ake roƙo cikin ladabi. Kalmar da za ka fi ji ita ce vorrei, zan so, ko da yake ita ba ta bin ƙa'idar parlare: "Vorrei parlare con il medico", zan so in yi magana da likita.

Sigar da ake kira congiuntivo ita ce dodon ɗalibai, har ƴan ƙasar ma suna kuskure a kanta. A ganinmu an cika tsorata mutane da ita, domin Hausa na da irinta. Ba ma cewa "ina so yana zuwa", sai dai "ina so ya zo". Haka su ma bayan so, zato ko fata: che io parli, che tu parli, che lui parli, che parliamo, che parliate, che parlino. "Voglio che tu parli", ina so ka yi magana. Tana da ta baya, parlassi, wadda ke tafiya da maganar "da a ce": "Se parlassi italiano, troverei lavoro", da ina jin Italiyanci, da na samu aiki. Mai shirin A2 zai iya barin wannan zuwa gaba.

Umarni kuwa ba a barin shi, kuma yana da tarko. Aboki za ka ce masa parla, yi magana. Wanda kake girmamawa za ka ce masa parli. Wato wutsiyoyin sun yi musanya da na lokacin yanzu, inda parli ke ga aboki, parla ga babba. Daga nan scusa da scusi suka fito: scusa ga tsaranka, scusi ga ɗan sanda ko tsohuwa a cikin bas. Hani ga aboki shi ne non parlare, kada ka yi magana. Jimla ɗaya da ta kamata kowane sabon zuwa ya haddace ita ce "Parli piano, per favore", ku yi magana a hankali, don Allah. Idan kuma kana tsakiyar abu ne, sto parlando, ina cikin magana.

Akwai wani lokacin baya na littattafai, parlai, parlasti, parlò, parlammo, parlaste, parlarono, wanda a arewacin ƙasar da wuya ka ji shi a baki, amma a Sisiliya da kudu yana nan da ransa. Abin lura a ciki shi ne parlo da parlò: a danna farko, ina magana, a danna ƙarshe, ya yi magana tun tuni.

Sauran gidaje biyu, masu ƙarewa da -ere kamar credere, yarda, da -ire kamar dormire, barci, hanyarsu kusan ɗaya ce da sauyin wasali: crede, credete, credono, dorme, dormite, dormono, sai creduto da dormito a lokacin baya. A yi hattara dai da andare, tafiya. Tana ƙarewa da -are kamar parlare amma ba ta bin layi: ina tafiya vado ne, kana tafiya vai, yana tafiya va, suna tafiya vanno, sai andiamo da andate ne suka tsaya kan ƙa'ida.