Daga Fiya zuwa Man Kaɗe: Tafiyar Sunaye

Kalmar avocado ta Ingilishi baƙuwa ce. Asalinta ahuacatl ne, a harshen Nahuwatil na Meziko. Sifaniyawa suka mayar da ita aguacate, wasu kuma suka jingina ta ga kalmarsu ta lauya, saboda amon ya yi kama. Shi ya sa avocat a Faransanci ke nufin lauya da ɗan itacen duka. Masu Ingilishi sun kuma kira shi pear saboda siffarsa. Daga nan Hausar Najeriya ta samu fiya.

Man kaɗe ma aron suna Turawa suka yi masa: shea daga Bambaranci, karité daga Wolof. Hausa kuwa ba ta buƙaci aro ba, domin kalmar mai ta game man shanu, man gyaɗa da man kaɗe. Kaɗanya ba ta fitowa a Tebaram da arewacin Adar. Daga kudu ake kawo manta, ana girki da shi, ana shafawa lokacin hunturu, ana haɗa sabulu.

Saboda haka kamannin amo ba hujjar asali ba ne. Sai ɗalibi ya bi sawun kalma kafin ya yanke hukunci.