Ko Kun Sani?

Mutumin Zariya Bazazzagi ne, jama'arsa kuma Zazzagawa, domin sunan masarautar Zazzau suka ɗauka, ba na birnin ba. Haka lamarin yake a Zinder ta Nijar: Damagarawa ake kiran mutanenta, daga daular Damagaram.

Ƙa'idar ba ta da wuya: "Ba-" a farko ga mutum ɗaya, "-awa" a ƙarshe ga jama'a, kamar Bakatsine da Katsinawa. Abin burgewa, wannan "-awa" ta adana tarihin ƙaura a cikin birnin Kano. Unguwar Agadasawa sunan mutanen Agadas take ɗauke da shi, Tudun Nufawa kuwa na Nufawa.

Balarabe ma'ana biyu gare shi: mutumin ƙasar Larabawa, da yaron da aka haifa ranar Laraba.