Ga Juna Biyu, Ga Jinyar Tsohuwa, Maigida Kuma Yana Nesa

Uwargida, idan kina karanta littattafan soyayya kin saba da labarin masoyin da ya yi nisan zango, ana ta kewa har Allah ya sake haɗa fuskoki. A gidajenmu kuwa labarin yakan zo da ƙarin nauyi. Maigida yana neman abinci a Legas ko Fatakwal, ke kina ɗauke da juna biyu, ga kuma mahaifiyarki ko surukarki ta fara mantuwa. Ta ci abinci ta ce an hana ta, ta ajiye kuɗi ta ce an sace, wata rana ma ta tambaye ki ko ke wace ce.

Wannan shi ne abin da ake kira gigin tsufa. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma ƙiyayya ba ce. Ciwo ne da yake lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma ba kowane tsoho yake kamawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne suke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Nau'in da ya fi yawa shi ne cutar Alzheimer, wadda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya fara bayyanawa a 1906. Hawan jini, ciwon sukari da shan taba suna ƙara haɗarin kamuwa.

Har yanzu ba a sami maganin da yake warkar da shi ba, amma kawo tsohuwa asibiti yana da amfani. Akwai cututtukan da suke kama da shi waɗanda ake warkarwa. Idan ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a garzayo da ita, domin zazzaɓi, ciwon mafitsara ko faɗuwar sukari suna iya jawo hakan.

A gida, kada ki yi musu da ita. Idan ta ce za ta tafi gidan iyayenta da suka daɗe da rasuwa, ki zauna kusa da ita, ki tambaye ta labarinsu, sannan ki janye hankalinta zuwa wani abu. Ki tsayar mata da lokacin ci, wanka da barci. Ki ɗauke wuƙa, ashana, kananzir da magunguna daga inda hannunta zai kai. A rubuta lambar wayar wani ɗan gida a sa a jikin kayanta, ko da za ta fita ta ɓata.

Ki kuma tuna rai biyu kike ɗauke da su. Kada ki ɗaga ta ke kaɗai zuwa bayan gida. Kada jinya ta hana ki zuwa awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8. Idan kin ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska da hannuwa, ko kin ji motsin ɗa ya ragu, ki taho asibiti nan take. Yawan kuka da rashin barci ma abin gaya wa ungozoma ne, ba abin kunya ba.

Tun cikin yana wata bakwai a zauna a tsara: wa zai kwana da tsohuwa ranar naƙuda, wa zai riƙe ta kwana arba'in na jego? Bayan haihuwa kada a bar ta ita kaɗai da jariri ko kusa da ruwan zafin wanka. A bari ta riƙe jikanta tana zaune, wani yana gefenta.

Maigida, nisa ba ya sauke maka wannan nauyi. Aiko kuɗi kawai bai wadatar ba. Ka sa lokaci guda kullum ka kira, ka gaida tsohuwa, sannan ka tambayi iyalinka yadda ta kwana. Idan mahaifiyarka ta kai ƙarar an hana ta abinci ko an yi mata sata, ka bincika kafin ka yi fushi, domin ciwon ne yake sa hakan. Ka raba wa 'yan uwanka kwanakin jinya, ka kuma nemi hutu ya dace da lokacin haihuwa.

Uwargida, ranar awonki mai zuwa ki gaya wa ungozoma halin da ake ciki a gida, za ta nuna miki sashen da za a duba tsohuwa. Allah ya ba ta sauƙi, ya sauke ki lafiya.