BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: Shirin shiga jami'a tun daga ajin farko na lise

Kowace shekara, wajen faɗuwar damina, akwai wata rana da gidaje da yawa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ba su cin abinci da daɗi. Ita ce ranar da alƙalan jarrabawa ke fitowa su kira sunayen waɗanda suka ci Bak. Wanda aka kira, gidansu sai guɗa. Wanda ba a kira ba, ya koma gida kai sunkuye, ubansa kuwa yana tunanin ragon da ya sayar da damman hatsin da ya kai ma mai masauki. Mutane kan ce sa'a ce. Gaskiya ne rabo yana hannun Allah. Amma duk malamin lise zai shaida maku cewa sakamakon wannan rana, tun shekara ukku baya ake shuka shi.

Inda hanyar ta fito

Lokacin da ƙasarmu ta samu ƴancin kai a 1960, babu jami'a ko ɗaya a Nijar. Yaron da ya ci Bak sai ya ɗauki hanyar Dakar, ko Abijan, ko Faransa. A 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973. A 1992 aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, masanin ilimin fizik wanda ya ba da rayuwarsa ga binciken ƙarfin hasken rana, ya kuma shugabanci jami'ar kafin rasuwarsa a 1991. Jami'ar Musulunci ta Sayi ta fara aiki a 1986. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, waɗanda ke ɗauke da sunayen Ɗandikko Ɗankulodo, Andre Salifu da Jibo Hamani. A 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ke nan ƙofa ta matso kusa da talaka. Sai dai mabuɗin bai sake ba: Bak ne, kuma Bak mai kyau.

Shekara ukku, hawa ukku

Bayan shekara shidda ta firamare da shekara huɗu ta kwalej, yaron da ya samu Birebe yana shiga lise. Aji ukku ne: Sagond, Piremiyar da Tarminal. Kuskuren da yara da yawa ke yi shi ne ɗaukar ajin farko tamkar inuwar hutawa, tunda babu jarrabawar ƙasa a ƙarshensa. Alhali a nan ne hanya ke rabuwa. Tun daga Sagond ake ware masu adabi da masu kimiyya, daga baya kuma reshen kimiyya ya rabu biyu.

Reshen A na masu harsuna ne, da falsafa, da tarihi da labarin ƙasa. Shi ke kai yaro ga karatun shari'a, koyarwa, aikin jarida ko mulki. Reshen C na lissafi da fizik ne, hanyar injiniyoyi, kamar masu neman shiga makarantar ma'adinai da masana'antu ta EMIG a Yamai. Reshen D ya haɗa lissafi, fizik da ilimin halittu, shi ne hanyar likita da malamin gona. Akwai kuma makarantun sana'a, irin lisen Ɗan Kasawa na Maraɗi, inda ake samun Bak na fasaha.

To, a nan ya kamata uba ya buɗe ido. Yaron da ke mafarkin zama likita amma ya gudu ga reshen A don tsoron lissafi, ya rufe ma kansa ƙofa tun yana ɗan shekara sha shidda, bai ma sani ba. Haka kuma wanda aka tura reshen C tilas don maƙwabta su ce an haifi injiniya, alhali basirarsa ga harshe take, an ɗora masa kayan da ba nasa ba. Kafin a zaɓa, a je a tambayi malaman da suka koyar da shi, a duba makinsa na kwalej, a kuma saurari yaron da kansa.

Ba duk darussa ke da nauyi ɗaya ba

Ga wani abu da uwaye da yawa ba su gane ba. A lise kowane darasi yana da nauyinsa, wato adadin da ake ninka makinsa da shi. Bari mu yi misali. A ce ana ninka wani darasi sau 5, yaro ya samu 6 bisa 20. Ya gaza rabi da maki 4, idan an ninka ya zama bashin maki 20. Don ya biya wannan bashi da darasin da ake ninkawa sau 2 kawai, sai ya samu 20 bisa 20 cif, abin da da wuya a gani. Saboda haka idan ɗanka ya kawo takardar sakamako, kada ka tsaya ga jimla ta ƙasa. Ka sa a nuna maka manyan darussan reshensa, ka ga ko sun kai 10.

Ga ita jarrabawar Bak, wanda ya samu 10 bisa 20 ya ci. Wanda ya kusa, ana ba shi damar zagaye na biyu. Amma ci ma hawa hawa ne: akwai yabo daga maki 12, wani daga 14, mafi girma daga 16. Wuraren da ake rububin shiga, kamar karatun likita, da tallafin karatu da hukumar ANAB ke rabawa, duk suna duban maki, kuma shekarun haihuwa na shiga lissafin tallafi. Yaron da ya maimaita aji sau biyu ya ƙetare da kyar, yana iya riƙe takardar Bak a hannu amma ya rasa abin da ya daɗe yana buri.

Akwai kuma littafin makaranta da ke bin yaro aji aji, inda malamai ke rubuta makinsa da halinsa. Abin da ya shuka a Sagond yana nan rubuce har ranar da ya zauna jarrabawa.

Abin da wanda bai yi lakkwal ba zai iya

Wani mai karanta wannan shafi zai ce: ni yaƙi da jahilci na yi, ba na jin faransanci, mi zan iya? Abu da yawa. Wanda ya iya karanta lamba ya iya gane 7 daga 13. Na farko, a san ƙofar makarantar. A je aƙalla sau biyu a shekara a gaisa da sarbeyan, a tambayi ko yaro na fashin aji. A halarci taron ƙungiyar uwayen ƴan makaranta. Yaron da ya san ubansa na iya ɓullowa ba sanarwa, tafiyarsa dabam ce.

Na biyu, takardu. Takardar haihuwa da takardar shaidar ɗan ƙasa suna cikin abin da ake nema wajen jarrabawa da shiga jami'a. A duba tun yanzu ko suna da ranar haihuwa sun yi daidai a kan dukansu, har da takardar Birebe. Harafi ɗaya da ya bambanta, Mamman a nan, Mahamman a can, yana iya sa a yi ta kai da kawo tsakanin ma'aikatar magajin gari da gidan shari'a, ga lokacin ajiye takardu yana ƙurewa. Gyaran da za a yi cikin natsuwa a Sagond, a Tarminal da gumi ake yin sa.

Na ukku, masauki. Yaran karkara da yawa a gidan wani suke zama cikin birni. Mai masauki ya yi alheri, kuma bai kamata a bar masa nauyi shi kaɗai ba. A riƙa aika hatsi bayan girbi, a riƙa ziyara, a bincika ko yaron na da fitila da wurin da zai shimfiɗa tabarma ya yi bita. Salula kuwa wuƙa ce mai kaifi biyu: tana kawo tsofaffin tambayoyin jarrabawa, tana kuma cinye dare. A san abin da ake yi da ita.

Na huɗu, harshe. Da faransanci ake ba da darussan lise, da shi ake amsa lissafi, da shi ake rubutun falsafa. Yaron da bai karanta komi ban da kayensa, ko ya san amsa, alƙalami zai ci amanarsa. Littafi ɗaya a wata, ko na aro ne, cikin shekara ukku ya zama littafi 36.

Maganar ɗiya mata

Yarinyar da ta kai lise ta riga ta ƙetare gulbi da yawa. Amma ita ce ke tashi da asuba ta yi shara da wanke-wanke, ta dawo da yamma ta hau tukunya, sa'ad da ɗan'uwanta ke bita da abokansa. Uwa ta rage mata aiki, ko da awa biyu ce bayan magariba. Masu neman aure kuwa a ce su dakata. Matan karkara da ke jin nauyin bayyana ciwonsu ga namiji, likita mace suke jira, kuma daga cikin waɗannan yara za ta fito.

Guzurin tafiya

Ko an samu tallafi, ba a rana ɗaya yake zuwa ba. Akwai kuɗin mota, kuɗin rajista, ɗaki da abinci na watannin farko, kuma digiri na farko shekara ukku ne, na likita ya ninka haka har da ɗori. Uban da ya ɗaure tunkiya ɗaya da sunan karatun ɗansa ranar da ya shiga Sagond, kafin Tarminal ta haifa masa guzuri. Ma'aikaci kuma ya ware ko jika biyu ce kowane wata, kada ya taɓa.

Ku kuma shugabannin makarantu da ma'aikatan jihohi, bayani hakkin talaka ne. A tara uwaye tun farkon shekara, a faɗa masu da harshen da suke ji inda kowane reshe ke kaiwa.

Watan Oktoba na zuwa za a koma aji. Wanda ɗansa ko ɗiyarsa ke shiga Sagond bana, yau ne ranar fafe gora. Allah shi ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, shi sa su amfani ƙasarsu.