Gwajin bitamin D: lamba ɗaya, ma'auni biyu

Takardar sakamakon gwajin bitamin D kan zo da lamba ɗaya, sai wasu ƙananan haruffa a gefenta waɗanda ba kasafai ake kula da su ba. Alhali a cikin haruffan nan ma'anar lambar take.

Abin da ake aunawa a jini shi ne 25(OH)D, sinadarin da hanta ke sarrafa bitamin ɗin zuwa gare shi. Wasu ɗakunan gwaje-gwaje na rubuta shi da ng/mL, wasu da nmol/L, kuma kowane ng/mL ɗaya daidai yake da nmol/L 2.5. Don haka wanda ya ga 45 a takardarsa yana cikin wadata idan ng/mL ne. Idan kuwa nmol/L ne, 18 kacal yake da shi a ɗaya ma'aunin. Ma'aikacin da ke fita daga mota ya shige ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, bai fito ba sai bayan la'asar, bai kamata ya yi mamakin irin wannan sakamako ba, duk da zafin ranar Abuja.

Masana ma ba su haɗu a kan iyaka guda ba. Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta ɗauki ƙasa da ng/mL 12 a matsayin ƙaranci, 20 kuma ya wadatar da mafi yawan mutane, sama da 50 kuwa abin lura ne. A 2011 ƙungiyar Endocrine Society ta fifita 30, amma a 2024 ta janye wannan iyaka, har ta ba da shawarar kada a riƙa yi wa masu lafiya gwajin ba tare da dalili ba. Binciken da aka yi kan Masai da Hadza na Tanzaniya, masu wuni a rana, ya sami matsakaicin kusan 46.

Lambar da ta haura 150 ba ta fitowa daga rana ko abinci. Galibi daga shan ƙwayoyi masu ƙarfi ba bisa ƙa'ida ba take, kuma tana iya tara kalsiyam a jini ta lahanta ƙoda. Idan mutum ba ya shan komai amma ya ga irinta, ya fara tambayar ma'aunin da aka yi amfani da shi, sannan likita ya sa a maimaita gwajin.

Wani binciken da aka wallafa a 1999 kan yara masu lanƙwasar ƙafa a Jos ya nuna cewa ƙarancin kalsiyam a abinci ne babbar matsalarsu, kuma da aka ba su kalsiyam ƙasusuwansu sun fi warkewa fiye da waɗanda aka ba bitamin D kaɗai.