Kwamfutar Ikkilisiya Ta Ƙi Tashi: Shawarar Kyauta Ko Mai Gyara?

A majami'u da yawa yau rajistar baftisma da ta aure, har da lissafin baiko, duk suna cikin kwamfuta. To, ranar da ta ƙi tashi, wurin wa za mu nufa?

Mu kam mun ɗanɗana. Ranar da tamu ta ƙi tashi, wani ɗan'uwa ya ba da shawara a share komai a sake ɗora mata Windows. Don gudun kuɗin gyara muka yarda. Kwamfuta ta tashi, amma sunayen baftisma na shekara 6 suka salwanta. Da muka kai wa mai gyara, sai ya ce da tun farko muka zo, da ya kwashe mana su kafin a taɓa komai.

Ba mu ce shawarar kyauta banza ce ba. Idan wayar wuta ce ta saki, ko ƙurar hunturu ta toshe fanka har na'ura tana zafi tana mutuwa, ana iya magance wannan a gida. Amma in aka ji ƙauri, ko batir ya kumbura, ko faifan ajiya yana ƙas-ƙas, a kashe ta nan take, a kai wa amintaccen mai gyara. A yi ciniki tukuna, a kuma gargaɗe shi kada ya share komai, gama asirin jama'a yana ciki.

Rigakafi dai ya fi magani. Kowace Lahadi a kwafi bayanai a filashi, kada kuma a yar da littafin rajista. Amana aka ba mu. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙe ta. Amin.