Ido na biyu kafin a haɗa gyara a manhaja

A Anu Araren, dab da Cirozerin, kamfanin SONICHAR yana ƙona kwal ya ba Agadas da Arlit wuta. A tasha irin wannan ba a taɓa layin lantarki sai wani ya tabbatar an yanke wutar. Masu rubuta manhaja ma suna da irin wannan ƙa'ida, kuma ya kamata matashin da ke koyon sana'ar ya san ta tun da wuri.

Kowace manhaja tana da uwar rubutu, wadda ake adanawa yawanci da Git, tsarin da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. Mai gyara ba ya taɓa uwar. Reshe yake cirewa ya yi aikinsa a kai, sannan ya tura buƙatar haɗewa a GitHub ko GitLab, tare da bayanin abin da ya sauya da dalilinsa. Na'ura ta fara gwada gyaran. Daga nan abokin aiki ya bi shi layi-layi, ya yi tambaya, ya nemi a sake wani wuri. Sai ya amince ake haɗawa.

To amma amincewa daban, karatu daban. A Disamba 2011 aka haɗa wani gyara a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin shafukan intanet da yawa. Mutum ɗaya ne ya duba, kuma bai lura an manta a tantance tsawon saƙon da ke shigowa ba. Ɓarakar, wadda aka sa wa suna Heartbleed, ba ta fito fili ba sai Afrilu 2014. Kusan duk tsawon lokacin nan, wanda ya san da ita yana iya zaro kalmomin sirrin mutane daga kwamfutocin da ke riƙe da shafukan.

A ganina babban abin da ke kashe duba shi ne kunya. Ƙarami yana jin nauyin nuna wa babba kuskure, aboki kuma ya amince don kada rai ya ɓaci. Shi ya sa ake so mai duba ya tsaya kan rubutun, ya bar mai rubutun: “Idan saƙon ya zo ba komai a ciki, me zai faru a nan?” ya fi “ba ka iya ba”. Sai kuma girman gyaran. Gyara mai layi hamsin ana karanta shi da gaske. Wanda ya kai dubu, a mayar wa mai shi ya rarraba shi kashi-kashi.